Hannun da Muka Hutar

Hammadu Kafi, Gombe
5 ga Maris

Yaya Gilbert,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu. Ina fata kana lafiya, kai da ɗalibanka da sanyin dutsen nan naku.

Na san za ka yi mamakin ganin wasiƙa daga wurina a wannan zamani. Ƙauyen da kake koyarwa sai ka hau tudu kafin waya ta same ka, in ma ta same ka ni ba na iya sakin jiki in yi magana. Ka san gidanmu, ɗaki biyu ne da falo, kuma ciwon nan bai taɓa kunnen Mama ba ko kaɗan. Da na ji Malam Bamanga direba yana sauko da ayaba daga Gembu duk bayan mako biyu, sai na ce bari in riƙa ba shi saƙo.

An sallame mu daga asibiti kwana tara bayan tafiyarka. Bakinta ya daidaita, magana ta dawo, har ta soma yi mini faɗa a kan gishirin miya. Ƙafar tana ɗan ja, amma da sanda tana kai kanta bayi. Hannun dama ne shanyewar ɓarin jikin ta riƙe. Yana nan kwance a cinyarta, yatsun sun ɗan lanƙwashe ciki.

An haɗa mu da wata ma'aikaciya a sashen gashi da motsa jiki, sunanta Malama Jamilatu. Ba ta girme ni ba, amma in ta buɗe baki sai ka gyara zama. Ta riƙe hannun ta ce, "Mama, ni sau biyu kawai zan riƙa ganinki a wata. Maganin yana gida. Watannin farkon nan su ne namu. In aka bar yatsun nan suka saba da dunƙulewa, ranar da za mu zo buɗe su ba za su yarda ba."

Ta koya mana abin da za a riƙa yi sau uku a rana. Za a shimfiɗa tafin hannun a kan tebur a miƙar da yatsun, ta matsa wani jan ƙwallon roba ta sake, sannan ta tsince wake ɗaya-ɗaya daga wannan kwano zuwa wancan. Ta kuma ce duk abin da Mama za ta iya gwadawa da kanta a ƙyale ta, ko da za ta ɓata awa guda a kan maɓallin riga. Ta ba ni takarda mai gidaje-gidaje, kowace rana gida uku, in an yi sai in sa alama.

Tambaya ɗaya Mama ta yi mata. "Zan sake buga tulu?" Na bayyana wa Malamar cewa shekara ashirin da shida ke nan Mama ce ke buga babban tulun kiɗan Zumuntar Mata a cocinmu, kuma babban taronsu a watan Oktoba ne. Ta ce, "Ba na yi miki alkawari, Mama. Amma in kika ba ni abin da na nema, muna da fata."

Matan Zumunta kuwa sun yi mana halacci. Shugabarsu, Mama Hilda, ta tsara musu kwanaki, kullum mata biyu za su zo su zauna da ita yayin da nake koyarwa a makaranta a unguwar Arawa. Rabon gidanmu da cika haka tun rasuwar Baba.

Mama tana gaishe ka. Ka ci gaba da sa mu cikin addu'a.

Ƙanwarka,
Jummy

Gembu
19 ga Maris

Zuwa ga ƙanwata Jummy,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na sami wasiƙarki daga hannun Malam Bamanga, kuma na gode wa Allah da sauƙin da aka samu. Ki miƙa godiyata ga Mama Hilda da dukan matan Zumunta.

Akwai abubuwan da nake so ki riƙe, tun da ba na kusa.

Uwarmu ta yi shekara talatin a bakin titi tana suyar ƙosai da hannun nan don mu yi karatu. Da shi ta yi jinyar Baba har ya koma ga Ubangiji. Yanzu lokacin hutunsa ne. Kada in ji an ce Mama ta ɗaga ko cokali alhali kina gidan. Wanka, sa tufafi, abinci, duk a yi mata. Abin kunya ne a gare ni da ke a ce an shigo an tarar da ita tana kokawa da maɓalli muna raye.

Game da atisayen asibiti, ban ce kada a yi ba, masu ilimin abin sun fi mu sani. Sai dai wannan tsintar wake kada a yi ta a gaban baƙi. Uwarmu ba yarinya ba ce, mace ce da ake tashi tsaye in ta shigo taro. Haka kuma kada a bar ta ta ci abinci da hagu a gaban mutane, kin san yadda abin zai yi mata ciwo. In ta ce ta gaji, kada ki matsa mata, hawan jini ba ya son ɓacin rai.

Na haɗo da wata takarda daban, ta Mama ce, ki karanta mata. Da na zauna rubuta ta sai na tuna rabon da in rubuta mata wasiƙa tun ina makarantar kwana, lokacin da takan amsa mini da manyan baƙaƙen nan nata. Daga yau duk zuwan Malam Bamanga za ta samu.

Ga zuma da fiya nan. Allah ya ƙara miki ƙarfi.

Yayanki,
Gilbert

Hammadu Kafi
21 ga Afrilu

Yaya,

Sannu da aiki, ya sanyi? Mu nan zafi ne kamar zai dafa mutum. Zuma ta iso, fiyar kuma rabi ta nuna a hanya ta zama miya, amma mun gode.

Wasiƙunka uku yanzu suna ƙarƙashin matashin Mama. Duk wadda ta shigo sai an karanta mata, har na kusa haddace su. Jiya na ji tana ce wa wata, "Babana ne ya rubuto, daga kan dutse." Ka san ba ta kama sunanka tun da sunan mahaifinta ka ci.

Ka kwantar da hankalinka, ana yin yadda ka ce. Kafin in fita da safe na yi mata wanka na shirya ta. Ƙarfe bakwai da rabi masu kwanan ranar sun iso. Ɗaya ta ba ta kunu a baki, ɗaya ta share tsakar gida, har da mai matsa mata ƙafa. Daga nan sai masu gaisuwa, 'yan coci, maƙwabta, mutanen garinmu Billiri da suka shigo gari sayayya. Ita kuma da ta ji sallama sai ta kishingiɗa a doguwar kujera ta ja zane, domin ta ce bai kamata mutum ya taso daga nesa dubiya ya tarar da marar lafiya yana wasa da ƙwallo ba. Ranar nan sai da na ƙirga takalma goma sha huɗu a bakin ƙofa.

Ta yi ƙiba, fuskarta ta yi kyau, tana dariya. Wani lokaci su rera waƙa a falo, ita tana gyaɗa kai tana hango tulunta ta ƙofa a kusurwar ɗakinta.

In na dawo daga makaranta nakan ɗauko kwanon wake, sai ta ce, "Auta, yau na sha mutane, bari sai gobe." Jan ƙwallon nan ma ya ɓata, na duba ko'ina ban gan shi ba. Na sayo wani kore a kasuwa, shi ma kwana biyu ban sa shi a ido ba. Ina zargin 'ya'yan baƙi.

Mun je asibiti sau uku. Takarda kam tana cika, babu gidan da babu alama. Malama Jamilatu ta duba ta, ta auna yatsun da wani ma'auni mai kama da rula. Daga baya ta ce jikin wasu yakan yi jinkiri, ta canza mana salon atisayen.

Ban san me ya sa ba, kwanan nan ba na son ranar asibiti ta zo.

A gaida mutanen dutse.

Jummy

Hammadu Kafi
4 ga Yuni

Yaya Gilbert,

Ina gaishe ka. Ka nemi wuri ka zauna kafin ka karanta wannan, kuma ka karanta ta har ƙarshe kafin ka yanke mini hukunci.

Na yi maka ƙarya, na yi wa asibiti ƙarya. Tun farkon Maris Mama ba ta yi atisayen nan ya kai sau goma ba. Alamomin da ke takardar ni na zauna na zuba su.

Ranar da za mu koma asibiti karo na farko na ga gidajen kusan duk babu komai. Mama ta ce, "Ki cika mata mana. Yarinyar mutane tana ƙoƙari a kanmu, kada mu sa ta ji ba daɗi." Na ce sau ɗaya ne, mako mai zuwa za mu rama. Daga nan ya zame mini jiki. Duk Lahadi in mun taso sujada sai in ɗauki jan birona na makaranta in cika har zuwa ranar da za mu je, kamar yadda nake cika rajistar aji.

Wannan karon Alhamis aka ba mu, sai aka bugo aka ce mu zo Talata domin Malamar za ta yi tafiya. Na manta sam. Na miƙa mata takardar, ta duba, ta ɗago kai.

"Malama Jummy, yau wace rana ce?"

Na ce Talata.

"To ga shi nan Mama har ta gama na Laraba da na Alhamis."

Yaya, da ƙasa za ta tsage da na shige. Ba ta ɗaga murya ba. Ta roƙi wata nas ta kai Mama awon jini, ta rufe ƙofa, ta ce in faɗa mata yadda ranar Mama take tafiya daga safe zuwa yamma. Na faɗa mata duka, har da masu ba ta kunu a baki.

Ta ce, "Wata uku ina canza atisaye ina zaton ni ce ban iya aikina ba. Har wurin babbanmu na kai maganar. Da farar takarda kika kawo mini da na fi murna, domin da tun Maris na san inda matsalar take. Ba ke kaɗai ba ce, da yawa haka suke yi mana don kada mu ji kunya. Amma hannu ba ya karanta takarda."

Da Mama ta dawo sai Malamar ta sa ni na zo kusa, ta buɗe hannun a gabana. Da ƙyar ya buɗu rabi, Mama tana cije leɓe. Tsakiyar tafin ya yi fari ya jiƙe, har ya soma wari, saboda ya daɗe a rufe. Ni da nake yi mata wanka kullum ban taɓa buɗewa na duba ba, don in na taɓa takan ce da zafi, sai in bari.

Ga abin da Malamar ta ce, ban rage ba ban ƙara ba. Ƙaramin yatsa da na kusa da shi sun riga sun ƙage, da wuya su sake miƙewa. Babban yatsa da biyun da ke biye da shi akwai sauran fata, in an tashi tsaye yanzu. In aka ƙara wata biyu a haka, su ma sun tafi.

Mama ta ce, "Tulun fa?"

Malamar ta ce, "Tulu da buɗaɗɗen tafi ake buga shi, Mama. Mu fara neman lomar tuwo tukuna."

Muka hau Keke Napep muka dawo gida. Ina baƙin ciki, Yaya, irin wanda ban taɓa yi ba tun mutuwar Baba.

Ƙanwarka,
Jummy

Gembu
15 ga Yuni

Jummy,

Na sami takardarki. Na karanta ta sau uku.

Ban taɓa zaton haka daga gare ki ba. Ke malamar makaranta ce, kin san abin da ake kira ƙarya a rubuce. Da ɗalibinki ne ya yi wannan da kin kira iyayensa. Abu ɗaya aka damƙa miki, minti ashirin sau uku a rana, kika kasa, sannan kika rufe mu duka cikin duhu har wata uku. Da kin faɗa mini tun farko da na san abin da zan yi.

Hannun da ya ciyar da mu ne kika bari ya lalace a gabanki. Ban san da wane ido zan dubi Mama ba, ban kuma san abin da zan ce wa dangi a Billiri ba.

Ki bi duk abin da ma'aikaciyar ta ce daga yau, ba tare da ragi ba. Zan zo in an yi hutu a watan Agusta. Takardar Mama tana ciki, ban ambaci wannan magana a cikinta ba.

Gilbert

Hammadu Kafi
30 ga Yuni

Yaya,

Na gaishe ka, domin Mama ba ta koya mana fara magana babu gaisuwa ba.

Laifina na ɗauka, ba zan sauke shi a kan kowa ba. Amma wasiƙarka ta 19 ga Maris tana nan a jakata. Ka rubuta, "Kada in ji an ce Mama ta ɗaga ko cokali." Ka ce kada a yi tsintar wake a gaban baƙi, a gidan da baƙi ba sa yankewa daga safe har magariba. Ka ce in ta gaji kada in matsa mata. Na bi maganarka ɗaya bayan ɗaya, domin kai ne babba, kuma domin ni ma abin da zuciyata take so ke nan. Da ni da kai da matan Zumunta, duk mun taru mun hutar da hannun nan har ya manta aikinsa. Ni dai ce na riƙe biro.

Yanzu bari ka ji abin da "ba tare da ragi ba" yake nufi, tun da daga kan dutse ba a gani.

Na roƙi hedimasta ya ba ni izinin dawowa gida lokacin hutun tara. Na ce wa masu gaisuwa sai bayan ƙarfe huɗu. Na daina ba ta abinci a baki. Nakan ajiye kwano a gabanta, in sa mata cokali mai kauri da aka naɗe wa mariƙi da tsumma, in koma gefe in zauna a kan hannuwana don kada su kai mata agaji.

Ranar Laraba Mama Hilda ta shigo ta tarar da mu a haka. Miyar kuka ta zuba a zanen Mama, tuwo ya faɗi ƙasa sau biyu, cikin rabin awa loma uku ce ta kai baki. Mama Hilda ta dube ni ta ce, "Jummy, uwarki ce fa." Ta ɗauki kwanon za ta ba ta. Na tashi na karɓe daga hannunta na mayar inda yake. Matar da ta riƙe ni ranar baftismata, Yaya. Na ce, "Ki yi haƙuri, Mama, ita za ta ci da kanta."

Sai Mama ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Ƙyale ta, Hilda. Ta gaji da ni ne."

Na shiga kicin na yi kukana, na wanke fuska, na dawo na zauna har ta kai loma bakwai.

Kafin Lahadi magana ta zaga coci. An ce 'yar boko ta hana a duba uwarta, tana barin ta da yunwa. Da na faɗa wa Malama Jamilatu sai ta ce za ta zo da kanta. Ranar Asabar, ranar hutunta, ta zo har falonmu da mayafinta ta zauna a tsakiyar matan Zumunta goma sha ɗaya. Ta gode musu sosai, sannan ta ce, "Iyayena, na san ƙauna ce. Amma duk wadda ta ba Mama abinci a baki ta ƙwace mata atisayen rana guda. In kuna son taimakonta, ku zo ku zauna ku ƙirga mata."

Sun ce to. Amma ka san mutanenmu, zuwa dubiya babu abin da za ka yi da hannunka sai ya zama kamar ka zo kallo. Wasu sun ji haushi, wasu sun ji nauyi. Jerin kwanakin nan ya watse. Jiya takalmi ɗaya ne a bakin ƙofa, na Mama Hilda. Ba ta yi mini magana, amma takan zauna ta ƙirga wake da ƙarfi.

Mama tana yi, sai dai ta daina dariya. Takan daɗe tana kallon ƙofa.

Takardar wannan mako tana da gidaje huɗu da babu alama, kuma haka zan kai ta.

Jummy

Gembu
13 ga Yuli

Ƙanwata,

Ina gaishe ki da kyau, ina kuma gaishe ki da ƙoƙari.

Na nemi kwafin abin da na rubuta a raina, na same shi yadda kika faɗa. Na ba da umarni daga nesa a kan abin da ban sani ba, da ya ɓaci kuma na ɗora miki. Ina jin kunya. Ki gafarta mini.

Abin da kike yi yanzu ni ba zan iya ba. Na gwada tunanin in zauna ina kallon Mama tana zubar da miya, na kasa ko a cikin tunani. In na zo zan je wurin Mama Hilda da kaina, in gaya mata da yawuna kike yi.

Ki riƙa cin abinci ke ma.

Yayanki,
Gilbert

Hammadu Kafi
12 ga Oktoba

Yaya,

Gaisuwa da fatan ka wuni lafiya. Tun da ka koma ƙarshen Agusta ba mu ji daga gare ka ba. Na san sabon zango ne, aiki ya yi yawa, kuma ka tafi da kwanciyar hankali tun da ka ga tana cin abinci da kanta. Malam Bamanga ya zo sau uku. Duk zuwansa Mama takan ce in leƙa tasha ko akwai saƙo.

Ranar Talata aka yi awo na ƙarshe. Yatsu ukun sun dawo, ba duka ba, amma tana ɓalla maɓalli, tana yanka loma, tana riƙe biro in an naɗa masa tsumma. Biyun nan na ƙarshe sun tsaya a lanƙwashe, Malama Jamilatu ta ce haka za su zauna. Ta ce a ci gaba da atisayen don kada ukun su koma. Mama ta miƙa mata hannun dama suka gaisa, Malamar ta riƙe shi ta daɗe ba ta saki ba.

Tafin ba ya buɗuwa sosai, saboda haka maganar tulu ta ƙare. Mun gwada sau ɗaya a ɗaki. Sautin da ya fito ba nata ba ne, ita ma ta ji, ta janye hannunta ta ce in mayar da shi kusurwa.

Taro saura mako biyu. Jiya Mama Hilda ta zo da mata biyu ɗaukar tulun, za a ba wata da ta daɗe tana koyo a bayan Mama. Da suka ɗaga shi sai muka ji wani abu yana gangarawa a ciki. Na zura hannu. Jan ƙwallon nan ne, Yaya, da koren da na sayo daga baya. Duk suna ciki tun watan Afrilu.

Babu yaron baƙin da zai kai bakin tulun nan, ka san tsayinsa, kuma a ɗakinta yake. Na juya na dubi Mama. Ta sunkuyar da kai tana gyara bakin zaninta. Matan suka fita da tulun.

Ban tambaye ta ba. Da yamma ta ce in ba ta takarda da biro, in kuma bar mata ɗakin. Ta ce kada in ba Malam Bamanga wannan wasiƙar sai ta gama tata, a haɗa su tare.

Ƙanwarka,
Jummy

Gombe
17 ga Oktoba

Babana,

Ina gaishe ka cikin sunan Ubangiji. Ya aiki, ya yara.

Da hannun dama na rubuta wannan. Kwana biyar ina yi. Ka yi haƙuri da rubutun.

Kada ka ƙara ganin laifin Auta. Ni na jefa ƙwallayen a tulu. Na ji abin da Malama ta faɗa tun ranar farko, na kuma gane.

Shekara bakwai tun tafiyar babanku, in Auta ta fita aiki ni da bango ne. Da ciwon nan ya zo gida ya cika. Kai ma ka soma rubuto mini. Na ji tsoro in na warke da wuri kowa zai koma harkarsa. Na ce bari in ɗan jinkirta kaɗan. Ban san hannu ba ya jira ba.

Na yi wa kaina, na yi wa Auta. Na roƙi gafararta jiya, na roƙi ta Allah.

Tulu ya tafi. Yatsu uku sun rage mini, kuma ina yin atisayena kullum, ko da mai ƙirgawa ko babu.

Yanzu na sami sauƙi, Babana. Ba ni da wani ciwo da zan ba ka labari. Duk da haka ka rubuto.

Mamarka,
Lami